Masu bincike za su zo majemarmu daga Turai: taimako ne ko ƙarin wahala?

Alhaji Mai Fata:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa hulɗa da masu saye na ƙetare. Kamfanin da yake ɗaukar fatar akuya a hannunmu zuwa Italiya ya aiko da takarda cewa daga baɗi ba zai ƙara sayen fata ba sai daga masana'antar da aka bincika aka ba ta shaida. Za a turo mutane su duba inda muke zubar da ruwan jima, yadda muke ajiye sinadarai, hanyar fita idan gobara ta tashi, takardun albashi, har da shekarun leburori. A wasiƙar sun ce taimaka mana za su yi mu inganta aiki. To amma kuɗin bincike mu za mu biya, gyaran da za a ce a yi mu za mu biya, farashin fata kuwa bai motsa ba. Ga tsadar dizal, ga wutar da ba ta zama. Akwai wanda wannan abu ya taɓa amfanarwa, ko in koma wa masu saye na Sin waɗanda ba sa tambayar komai?

Kwamared Sabo:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ranka ya daɗe, ni daga ɓangaren ma'aikata nake magana, kuma zan faɗi abin da na sani ko ba zai yi daɗi ba. Irin wannan binciken da ake sanar da ranarsa tun da wata guda, wanda mai kamfani ne yake biyan mai binciken, bai taɓa ceton ran lebura ba. A ranar 11 ga Satumba 2012 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Ali Enterprises da ke Karachi a Pakistan. Mutum sama da 250 suka mutu. Tagogi an yi musu ƙarafa, ƙofofin fita a garƙame. Makonni kaɗan kafin nan wani kamfanin Italiya mai suna RINA ya ba masana'antar shaidar SA8000, wadda ake ɗauka a matsayin babbar shaida ta kula da haƙƙin ma'aikata. Daga baya kotu ta ce da gangan aka cinna wutar, amma ko wa ya cinna ta, rufaffiyar ƙofa ce ta hana mutane tsira, kuma ita ce abin da aka ce an duba.

Bayan wata bakwai sai ga Rana Plaza a Bangaladash, 24 ga Afrilu 2013. Bene mai hawa takwas ya rufta, mutum 1,134 suka rasu. Jajibirin ranar an ga bango ya tsage, banki da shagunan ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinki, yawancinsu mata, su koma bakin keke. Wasu daga cikin masana'antun da ke cikin ginin an bincike su kafin nan. Masu binciken sun duba takardu, ba aikinsu ba ne duba ƙarfin gini. To wane taimako ke nan?

Injiniya Hadiza:
Kwamared, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka tsaya a tsakiyar labari. Ka faɗi abin da ya biyo bayan Rana Plaza mana. A watan Mayu 2013 aka sa hannu a yarjejeniyar kiyaye gobara da gine-gine ta Bangaladash, tsakanin kamfanonin saye sama da 200 da ƙungiyoyin ƙwadago na duniya, IndustriALL da UNI. Ita ma bincike ce, amma ta bambanta da wancan. Injiniyoyi ne suke zuwa, na gini da na lantarki da na gobara, kuma ba mai masana'anta ne yake zaɓensu ba. Rahoton kowace masana'anta ana sa shi a intanet kowa ya gani. Ma'aikaci yana da damar ƙin shiga wurin da yake ganin akwai haɗari ba tare da an kore shi ba. Abu mafi muhimmanci, kamfanin da yake saye an ɗaure shi da doka: dole ya tabbatar mai masana'anta yana da halin yin gyaran, ko ta rance, ko ta ƙarin farashi, ko ta biyan wani kaso. A 2018 wani kamfani ya biya dala miliyan 2.3 bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun kai shi gaban masu sulhu kan jan ƙafa wajen gyara. Masana'antu sama da 1,600 suka shiga, aka sa ƙofofin gobara, aka sake wayoyin wuta, aka cire kwaɗuna daga hanyoyin fita. Shi ya sa a 2023 aka fara irinta a Pakistan.

Saboda haka Alhaji, kada tambayarka ta tsaya a kan ko a yarda da bincike ko a ƙi. Ka tambayi mai sayenka wane ne zai ɗauki nauyin abin da binciken ya tono.

Ɗan Sharaɗa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni lebura ne, na yi aiki a wani kamfanin fata, ba na Alhaji ba. Bari in gaya muku yadda ranar bincike take a wurinmu. Ana gobe za su zo, sai a buɗe sito a fito da safar hannu da takalman roba da takunkumi, sababbi fil a leda. Kowa ya sa hannu ya karɓa. A wanke ƙasa da tiyo, a yi wa lambatu fenti, a rataye tukwanen kashe gobara. Mu 'yan kazuwal, waɗanda ba mu da takarda, sai a ce mu huta a gida ranar, kuma ba za a biya mu ba. Waɗanda suka rage a tara su a koya musu amsa: awa takwas muke yi, ana biyan kuɗin ƙarin lokaci, babu wanda ya taɓa jin ciwo. Baƙi su zo, a zagaya da su, a ci abinci a ofis, su tafi. Washegari a karɓe kayan a mayar sito.

Hannuna har yau akwai tabo tsakanin yatsu, inda ruwan jima ya ci. Mai binciken ya kira ni ya tambaye ni lafiya, amma manaja ne yake yi mana tafinta. Me zan ce?

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah ya saka maka ƙanena. Wannan maganar tafinta ita ta fi tsaya mini a rai. A ce wanda kake tsoro shi ne bakinka.

Alhaji Mai Fata:
Ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Ba zan ce abin da ka faɗa ba ya faruwa ba. Amma ina so ku ji namu ɓangaren. Mai saye zai ce yana son kwantena cikin mako uku, alhali aikin na mako biyar ne. In ka makara ya yanke kuɗi. Shi kuma dai zai aiko a duba ko ma'aikatanka sun wuce awa takwas. Ofishin da yake matsa maka kan farashi daban, ofishin da yake aiko mai bincike daban, kamar ba kamfani ɗaya ba. Ta yaya zan cika umarni biyun a lokaci guda?

Kwamared Sabo:
A nan kam mun haɗu, Alhaji. Lokacin korona a 2020 manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka sun soke odar da ta haura dala biliyan 3 a Bangaladash, har da kayan da an riga an ɗinka. Su ne masu aiko da dogayen takardu kan mutunta ma'aikaci. Amma kada matsin da ake yi maka ya zama hujjar sauke shi a kan yaro irin Ɗan Sharaɗa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, ba Turawa suka kawo shi ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda ranar da wani zai ji rauni. Dokar masana'antu ta tanadi sufetoci daga ma'aikatar ƙwadago. Da waɗannan suna aiki da babu buƙatar wani ya taso daga birnin Milan na Italiya ya ƙirga mana tukwanen kashe gobara. Ku tuna watan Yunin 2020, da 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Chalawa nan Kano, an kulle su watanni ba sa zuwa gida. Ba mai bincike ne ya gano ba. Ɗaya daga cikinsu ne ya samu ya kira masu kare haƙƙin ɗan Adam.

Malam Nura Panshekara:
Jama'a kuna ta maganar cikin katanga, ku ba mu dama mu da muke bayan katanga. Ruwan da yake fita daga masana'antun unguwar Sharaɗa a nan Kano yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Chalawa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara ya tafi dam ɗin Wasai. Duk hanyar nan akwai masu noman rani da suke jan ruwan da injin ban ruwa suna shayar da latas da alayyafo da albasa, gobe a kai kasuwa mu saya. Wani lokaci ruwan baƙi ƙirin, wani lokaci shuɗi-shuɗi, wari kuwa in iska ta juyo da dare sai ka rufe taga. Mai bincike ya taɓa fitowa ya bi lambatun nan da ƙafa ya ga inda ya ƙare? Ya taɓa tambayar mai unguwa? In binciken Turawa ne zai sa a tace ruwan nan, ni dai ina maraba da shi, ko da wace niyya suka zo.

Injiniya Hadiza:
Malam Nura, kan ruwa ne ma binciken fata ya fi ƙarfi. Ina kyautata zaton shaidar da ake nema wurin Alhaji ta LWG ce, wata ƙungiyar masu harkar fata ta duniya, wadda aka kafa a 2005. Suna ba da matakin zinare ko azurfa ko tagulla, shaidar tana aiki shekara biyu. Suna duba ruwan da aka sha da wanda aka zubar, da wutar da aka ƙona, da inda dattin yake tafiya, da asalin fatar. Ba magana kawai suke karɓa ba, sai an nuna sakamakon gwajin ruwa na watanni. Wannan ya fi wuyar shiryawa a dare ɗaya.

Ga darasin da ya fi kusa da mu. Majemun Hazaribagh a birnin Dhaka na Bangaladash sun daɗe suna kashe kogin Buriganga, har aka tilasta musu tashi zuwa Savar a 2017, da alkawarin babbar matatar ruwa guda da kowa zai yi amfani da ita. Matatar ba ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai gurɓatar ta koma kogin Dhaleshwari. Sakamakon haka yawancin majemun wurin sun kasa samun shaidar, manyan masu saye na Turai suka juya baya, suka koma sayar wa 'yan kasuwar Sin da araha. Alhaji, wannan ita ce hanyar da kake tunanin bi. A buɗe take, amma wanda ba ya tambayarka komai shi yake yanka maka farashi yadda ya ga dama, domin ya san ba ka da wurin zuwa.

Kuma ba kowane gyara ne asara ba. A jima ta yau da kullum kusan kashi ɗaya cikin uku na sinadarin kurom ba ya shiga fata, ruwa yake bi. Idan ka ware wannan ruwan daban, ka sa masa sinadarin da zai kwantar da kurom ɗin a ƙasa, za ka iya narkar da shi ka sake jima da shi. Kuɗin da kake saye da dala ne kake zubarwa a rafin su Malam Nura. Mai binciken da ya san aikinsa irin wannan zai nuna maka. Wanda ya zo da takardar cike gurbi kawai ba zai nuna maka ba.

Baban Khalifa:
Ni ban yarda ba sam. Duk wannan dabara ce ta hana mu kasuwa. Su sun gama ɓata nasu kogunan sun yi arziki, yanzu sun zo suna kafa mana sharuɗɗa. Jar akuyar Sakkwato tun zamanin fatake ake kai fatarta Arewacin Afirka har Turai, wa ya nemi takarda?

Maman Ilham:
Baban Khalifa, kakanninmu da bagaruwa suke jima, kamar yadda har yanzu ake yi a majemar gargajiya ta cikin gari. Ba su zuba kurom a ruwan sha ba. Kuma ko dabara ce, yaran da suke wanka a rafin nan namu ne, ba na Turawa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Zamfara saboda ana daka dutsen zinare a cikin gida. Babu wani mai saye da ya tambayi yadda ake haƙo shi. Wace riba muka ci da rashin tambayar?

Baban Khalifa:
Hajiya, na ji wannan. Amma ki yarda cewa ƙaramin ɗan kasuwa ne zai mutu. Manyan kamfanoni za su biya su samu shaida, masu ganga biyu uku su rufe.

Elhaji Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Kano. Wanga zance ya shafe mu, don fatar da muka tara nan Maraɗi da Tasawa wajenku take zuwa. Yanzu an fara tambayarmu daga wace mahauta fata ta fito. Mu kuwa ƙauye-ƙauye ake tattaro ta, ranar kasuwa, daga hannun mahauta da dillalai, wata ma ta layya ce. Yara ne ke shafa gishiri suna shanya. In an ce sai da takarda, wa zai rubuta? Ku tuna da mu in kuna magana da su. In za su koya muna yadda ake rijistar masu kawo kaya, su ba da lokaci, za mu iya. In kawai za su ce an soke ka, to yaron da ke shafa gishiri ba makaranta zai koma ba, wajen wani mai saye zai koma.

Kwamared Sabo:
Alhaji Issoufou ya taɓo inda bincike ya fi rauni. Yana tsayawa a ƙofar babban kamfani, aikin da ya fi ƙazanta da haɗari kuma a miƙa shi ga ɗan kwangila a wani lungu inda ba mai zuwa. Shi ya sa nake cewa mai binciken gaskiya shi ne ma'aikacin da yake wurin kullum. Baƙo yini biyu zai yi cikin shekara biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A bar ma'aikata su yi ƙungiya, a kafa kwamitin kiyaye haɗari da su za su zaɓi wakilansu, a ba su lambar da za su kira ba tare da manaja ya sani ba.

Alhaji Mai Fata:
Kwamared, kwamiti na yarda. Lambar waya na yarda. Ƙungiya kuwa sai mun zauna, domin na ga inda ta zama hanyar karɓar kuɗi a hannun ma'aikata da masu kamfani gaba ɗaya.

Kwamared Sabo:
Akwai irin waɗannan, ranka ya daɗe. Amma kwamitin da mai gida zai iya rushewa ranar da ya ɓata masa rai ba zai hana komai ba. Ba zan janye wannan ba.

Malam Nura Panshekara:
Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mu da muke da wannan bai kamata a ce sai an yi mana barazanar daina saye ba. Alhaji, kai ne ka kawo maganar gaban jama'a, alamar kana son gyara ke nan. Allah ya dafa maka.

Injiniya Hadiza:
Alhaji, in ni ce kai ga abin da zan rubuta musu. Ka ce ka amince da binciken, amma a fara da zuwan gwaji wanda ba a yanke hukunci a kansa, a fitar da jerin gyara, a raba shi gida biyu: abin da zai iya kashe mutum, da abin da zai iya jira. Ka nemi su rubuta cewa za su ci gaba da saye na tsawon lokacin gyaran, domin da wannan takardar za ka iya tunkarar banki. Ka nemi ƙari a farashi ko su ɗauki wani kaso na matatar ruwa. Ka tambaya ko za su karɓi shaida ɗaya, kada kowane mai saye ya turo nasa. Ka kuma nemi a zo da mai jin Hausa wanda ba ma'aikacinka ba, ya gana da leburori a waje, har da 'yan kazuwal. Wannan na ƙarshen kai zai fi amfana, domin za ka ji abin da manajojinka ba sa gaya maka. Kuma kada a shirya musu takardun bogi. Idan suka kama littafin albashi biyu, shi ne laifin da ba sa yafewa, ya fi rashin matata muni a wurinsu.

Batun ƙananan majemu da Baban Khalifa ya kawo gaskiya ne, matata ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai dai a haɗu ta ƙungiyar masu jima a yi ta tarayya, a sa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, da gwamnatin jiha a gaba, a kuma nemi cibiyar binciken fata ta Zariya ta taimaka da gwaji da horo. Amma a sa wanda zai riƙa biyan kuɗin wuta da gyaranta tun kafin a aza tubali, kada a maimaita na Savar.

Ɗan Sharaɗa:
Anti Injiniya, don Allah ki yi maganar rami. Wurinmu in ramin dagwalo ya cika, mutum ake sa wa ya shiga da bokiti. Na ga wanda aka jawo a sume.

Injiniya Hadiza:
Wannan kada ya jira kowane baƙo. Ruwan da ake cire gashi da shi yana da sinadarin salfayid. In ya haɗu da ruwa mai asid, sai ya saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take taruwa. Idan ta yi yawa hanci yana daina jin warinta, mutum ya ɗauka ta tafi. Takunkumin kyalle ba ya tare ta ko kaɗan. Sau da yawa ba mutum ɗaya take kashewa ba, domin na biyu yana shiga ceton na farko, na uku ya bi shi. Alhaji da duk mai majema a zauren nan: a raba lambatun ruwan biyu kada su haɗu, a kwashe dagwalo da famfo daga sama, a sa murfi da kwaɗo a bakin rami. Idan shiga ta zama dole, a hura iska da fanka tukuna, a auna da na'urar gwajin iska, a ɗaura wa mutum igiya, mutum biyu su tsaya a sama, kuma a gaya musu ƙarara cewa ko ya faɗi ba mai shiga, jawo shi za a yi.

Alhaji Mai Fata:
Injiniya, Allah ya yi miki albarka. Na'urar gwajin nan a Kano ake samunta ko sai an aika Legas? Ki turo mini sunanta ta akwatin saƙo. Wasiƙar kuma zan rubuta a daren nan, in kawo nan ku duba kafin in aika. Kwamared, ka zo ofis ranar Asabar bayan la'asar mu yi maganar ƙungiyar ido da ido.

Malam Nura Panshekara:
In za ku zauna ku kira ni. Zan zo da mutum biyu daga cikin masu noman rani na bakin rafi.